Gadar Kenedi ta Yamai: Tambayoyi da Amsoshi a Kan Tsohuwar Gadar Kogin Isa

Duk wanda ya zauna a Yamai, ko da na mako guda ne, da wuya a ce bai bi ta kan Gadar Kenedi ba, ko kuwa bai hango ta daga bakin kogi ba. Saboda yawan bin ta da muke yi, sai ta zame mana tamkar ƙofar gida, wadda ake shiga a fita ba tare da an ɗaga kai an dube ta ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda baƙinmu daga Maraɗi, Damagaram, Tawa, Sakkwato ko Kano sukan yi, haka ma yaranmu da aka haifa suka tarar da gadoji uku a garin, suna zaton haka abin yake tun fil azal.

Yaushe aka gina gadar, kuma wa ya gina ta?

An kammala gadar aka buɗe ta a shekarar 1970, a zamanin shugaban ƙasa na farko, Jori Hamani, wato shekaru goma bayan samun mulkin kai na ranar 3 ga Agusta 1960. An yi aikin ne da taimakon kuɗin gwamnatin Amurka. Ita ce gada ta farko da aka ɗora a kan Kogin Isa, wato Kogin Neja, a cikin birnin Yamai, kuma ita kaɗai ta riƙe garin har tsawon shekaru arba'in kafin a samu ta biyu.

Me ya sa take ɗauke da sunan shugaban wata ƙasa?

Jon Kenedi ya shugabanci Amurka daga 1961 har zuwa ranar 22 ga Nuwamba 1963, lokacin da aka harbe shi a birnin Dalas. Mulkinsa ya zo daidai da shekarun da ƙasashen Afirka suke karɓar ƴancinsu ɗaya bayan ɗaya, kuma a zamaninsa aka kafa hukumar ba da taimakon raya ƙasashe ta Amurka, da kuma ƙungiyar matasa ƴan sa-kai waɗanda suka fara zuwa Nijar a 1962 suna koyarwa suna aiki a ƙauyuka. Tun da kuɗin gadar daga ƙasarsa suka fito, kuma mutuwarsa ba ta daɗe ba, sai aka raɗa mata sunansa.

Akwai masu ganin cewa bayan jinin ɗalibai da ya zuba a kanta a 1990 ya kamata a canza mata suna. Ni ban ga larurar hakan ba. Sunan ya riga ya bar mai shi ya zama na wuri: direban taksi da ke cewa zai bi ta Kenedi ba ya tunanin Amurka ko kaɗan, gadarsu yake nufi.

Kafin a gina ta, yaya mutane suke ƙetare kogin?

Da jiragen ruwa. Mai ƙafa, da mai ɗan kaya, da mace mai ƙwaryar nono daga Lamorde, duk kwalekwale suke shiga, a tuƙa su da filafili ko da gora gwargwadon zurfin ruwa. Motoci da manyan kaya kuwa jirgin fito suke jira, ya ɗauki abin da zai iya ɗauka, ya kai, ya dawo. Idan dare ya yi ko iska ta taso, tafiya ta tsaya ke nan sai Allah ya kai mu gobe. Dabbobi sukan ƙetare da iyo a inda makiyaya suka san mashigi, kuma ba kullum ake fita da su cif-cif ba.

A nan akwai wani abu da ya kamata mai karatu Bahaushe ya sani. A bakin Zabarmawa da Sanwayawa, tun daga Gawo ta ƙasar Mali har zuwa nan, gaɓar hagu ta kogin, wadda tsohon garin Yamai yake a kanta, sunanta Hausa, ita kuma gaɓar dama sunanta Gurma. Saboda haka idan aka ce gadar ta haɗa Hausa da Gurma, ba ƙabilu ake nufi ba, gaɓoɓi biyu na ruwa ɗaya ake nufi, waɗanda kowace take da mutanenta da kasuwanninta da yadda take rayuwa. Sunan da ake kiran tsallaken da shi a yau, Harobanda, shi ma da Zabarmanci ne, kuma ma'anarsa bayan ruwa. Sunan kaɗai ya isa ya nuna yadda mutanen gari suke kallon wurin a da: wani waje ne can baya, wanda sai da dalili ake zuwa.

Mene ne tsawonta da faɗinta?

Tsawonta kimanin mita 710 ne. Hannu biyu gare ta, ɗaya na tafiya ɗaya na dawowa, sannan akwai ƴar hanyar masu ƙafa a kowane gefe. Mai tafiya a natse yakan ƙetare ta cikin minti goma ko kusa da haka.

Me gadar ta canza a fasalin birnin?

Ta mai da Yamai gari mai gaɓa biyu, kuma wannan shi ne babban aikinta. Lokacin da Turawan Faransa suka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram suka kawo shi Yamai a 1926, a gaɓar hagu suka zuba komai: gidan gwamna, ofisoshi, bariki, asibiti da kasuwa. A 1960 mutanen garin ba su wuce kimanin 30,000 ba. A tsallake kuwa ƙauyuka ne kawai, irin su Lamorde ta Fulani, da Kirkisoy, da Sagiya, ga gonaki ga makiyaya.

Da aka buɗe gadar, sai gwamnati ta samu fili mai yalwa wanda ke kusa da tsakiyar gari. A 1971 aka kafa cibiyar ilimi mai zurfi wadda ta zama Jami'ar Yamai a 1973, aka kuma sanya mata sunan Abdu Mumuni a 1992, masanin nan da ya yi fice a binciken makamashin hasken rana. A tsallake jami'ar ta zauna, da ɗakunan kwanan ɗalibai, da asibitin koyarwa na Lamorde. A can kuma aka kafa cibiyar AGRHYMET a 1974, bayan babban farin da ya cinye dabbobin Sahel, domin horar da masana yanayi da ruwa da noma na ƙasashen yankin. A zamanin Janar Seini Kunce, lokacin da kuɗin uraniyom suka shigo aka gina Otel Gaweye a ƙofar gadar, mutanen tsohuwar unguwar Gaweye tsallake aka mayar da su, suka tafi da sunan unguwarsu.

Bayan hukuma sai talakawa suka bi. Ma'aikacin da hayar cikin gari ta fi ƙarfinsa, da ɗan ci-rani da ya yanke shawarar zama, da mai neman fili ya gina na kansa, duk suka ga cewa yanzu ana iya kwana a Harobanda a yi sammako a kama aiki a cikin gari. Haka Karaje da Nogare da Banga Bana suka cika, har tsallaken ya zama gunduma ta biyar ta birnin. Ƙidayar 2012 ta nuna mutanen Yamai sun haura miliyan ɗaya, kuma wani babban kaso nasu ba zai zauna inda yake zaune ba in da babu wannan gada.

Ban da unguwannin tsallake, ina hanyar take kaiwa?

Daga gindin gadar a gaɓar dama hanya takan rabu. Ɗaya ta nufi Torodi da Makalondi har iyakar Burkina Faso, daga nan ta wuce Fada Ngurma zuwa Wagadugu, kuma ta nan ne kayan da aka sauke a tashoshin jiragen ruwa na Lome da Tema da Abijan suka daɗe suna shigowa. Ɗayar ta yi kudu zuwa Sayi, garin malamai inda Jami'ar Musulunci take, sannan ta miƙa wajen Tamu da gandun dajin W. Itacen girki, da gawayi, da dabbobin kasuwar Torodi, da kayan lambu, da yawansu ta wannan gefen suke shigowa gari.

Me ya faru a kan gadar ranar 9 ga Fabrairu 1990?

Ranar Juma'a ce. Ƙasa tana ƙarƙashin Janar Ali Saibu, wanda ya gaji Kunce bayan rasuwarsa a Nuwamba 1987, kuma jam'iyya ɗaya tak ke akwai. Farashin uraniyom ya faɗi, bashi ya yi wa gwamnati katutu, masu ba da lamuni na ƙasashen waje kuma sun gindaya sharuɗɗan tsuke bakin aljihu, waɗanda suka shafi makarantu kai tsaye: kuɗin tallafin ɗalibai, da yawan waɗanda za a ɗauka, da makomar wanda ya gama karatu. Ɗalibai, a ƙarƙashin ƙungiyarsu ta USN, suka shirya tattaki daga jami'a zuwa cikin gari domin su kai kukansu.

Jami'a tana tsallake, hukuma tana cikin gari, kuma hanya ɗaya ce tak a tsakani. Wannan shi ne abin da ya kamata a fahimta game da ranar. Wanda ke kan titin cikin gari, idan abu ya ɓaci, yana da lungun da zai faɗa, yana da ƙofar da zai tura ya shiga. Wanda ke kan gada ba shi da ko ɗaya: ruwa a dama, ruwa a hagu, jama'a a baya suna turowa. A nan jami'an tsaro suka tare su, aka buɗe wuta. Ɗalibai uku suka rasu, Aliyo Nahanci, da Isaka Kaine, da Abdu Mamman Sagiru, wasu da dama kuma suka ji rauni. Allah ya jiƙansu da rahama.

Tun daga lokacin, kowace ranar 9 ga Fabrairu ɗaliban Nijar sukan fito su tuna da su, ba a Yamai kaɗai ba, har da sauran manyan garuruwa, suna kiran sunayen nan uku suna neman a yi adalci. Dandalin da ke bakin gadar ta gefen gari kuma ana kiransa Dandalin Shahidai. Waɗanda suke wannan tattaki a yau ba a haife su ba lokacin da abin ya faru, amma kowace shekara sabbin shiga sukan koyi sunayen daga na gaba da su, kuma wannan riƙo yana daga cikin abubuwan da nake girmamawa a wajen ɗalibanmu.

Da gaske ne cewa daga nan dimokuraɗiyyar Nijar ta fara?

Idan ana nufin cewa gadar kaɗai ta kawo ta, to an yi wa tarihi gajeren bayani. Ƙungiyoyin ƙwadago sun daɗe suna gunaguni, talaucin gwamnati ya kai inda albashi kansa yake wahala, kuma iskar canji tana kaɗawa a maƙwabta, domin a cikin wannan wata na Fabrairu 1990 ne Jamhuriyar Benin ta zauna babban taronta na ƙasa. Amma kisan da aka yi a kan gadar shi ya cire wa mutane tsoro, ya haɗa ɗalibai da ma'aikata a sahu ɗaya, ya mai da kukan kuɗin makaranta ya zama tambaya a kan wa ke mulki kuma da izinin wa.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Aka yi ta yajin aiki da zanga-zanga, har a Nuwamba 1990 Ali Saibu ya amince da tsarin jam'iyyu da yawa. Babban Taron Ƙasa ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Andre Salifu, kuma batun 9 ga Fabrairu yana cikin abubuwan da aka tattauna a zauren. Aka kafa gwamnatin riƙon ƙwarya, sannan a 1993 aka zaɓi Mahaman Usman shugaban ƙasa. Duk juyin da ƙasar ta sha daga baya bai goge wannan jeri ba, kuma farkonsa yana kan gadar.

Me ya sa ruwan da ke ƙarƙashinta wani lokaci ja ne, wani lokaci kuma ya yi duhu?

Domin kogin sau biyu yake cika a shekara a Yamai, kuma ruwan biyu ba daga wuri ɗaya suke ba. Na farko shi ne na damina, a watannin Agusta da Satumba, wanda rafukan Gorwal da Dargol da Sirba suke kwasowa daga ɓangaren Burkina Faso su zuba a kogin sama da Yamai. Yana zuwa da gaggawa, ɗauke da jar ƙasa, shi ya sa ake ce masa jan ruwa. Na biyu shi ne ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini inda kogin ya samo asali. Shi wannan sai ya bazu a fadamun tsakiyar Mali, ya yi watanni yana tafiya a hankali yana ajiye lakarsa, sannan ya iso mana a lokacin sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu, ana tsakiyar hunturu ba ko ɗigon ruwan sama. Baƙo yakan yi mamakin ganin kogi ya cika a rani, amma masunta da masu lambu da wannan lissafin suke aiki.

Daga Afrilu zuwa Yuni ruwa yakan ja baya ƙwarai, tsibirai da rairayi su fito fili. A 1985, bayan farin 1984, kogin ya kai ga daina gudu a Yamai kafin saukar damina, abin da dattawa har yau suke ba da labarinsa.

Ambaliya ta taɓa shafar gadar?

Gadar tana tsaye, amma unguwannin da ta haifa su ne suke shan wahala. Gaɓar hagu tudu ce a mafi yawan wurare, ita kuwa gaɓar dama kwari ce, kuma da yawa daga gidajen da aka gina a can a kan tsohuwar hanyar ruwa suke. An yi ambaliya mai tsanani a 2010 da 2012. A Satumba 2020 ma'aunin ruwan kogi na Yamai ya kai kimanin santimita 700, alhali daga 620 ake shelar babban haɗari. Ruwa ya karya madatsar kariya, ya shiga Lamorde da Karaje da Kirkisoy, gidajen ƙasa suka narke. A kwanakin nan mutane ta kan gadar suka riƙa fitowa da katifu da tukwane a ka da cikin amalanke, ta kanta kuma taimako ya riƙa shiga.

Wani abin da ke ƙara tsananta lamarin shi ne rairayi. Saran itatuwa ya bar tudun tsallake tsirara, saboda haka kowane ruwan sama sai koramu su kwaso yashi su juye a kogi, cikinsa ya cike, ruwa ya rasa wurin zama sai ya nemi gefe. Gadar ta buɗe wa mutane ƙasa, amma ba a bi ta da tsarin da zai hana gini a inda ruwa yake da haƙƙi ba, kuma wannan gyara ne da har yanzu yake jiran mu.

Idan babbar mota ta wuce ana jin gadar tana motsi. Alamar lalacewa ce?

Ba lallai ba ne. Kowace doguwar gada ana gina ta ne yadda za ta ɗan motsa, domin kankare da ƙarfe suna miƙewa idan rana ta yi zafi, su kuma tsuke da sanyin dare. Shi ya sa ake barin ƴan tsagogi a tsakanin sassan gada, waɗanda mai babur yake jin tayarsa tana bugawa a kansu, sassan kuma suna zaune ne a kan matasai a bisa ginshiƙai. Wanda ya tsaya a hanyar masu ƙafa ya dafa ƙarfen gefe zai ji wani ɗan kaɗawa yana hawowa ta tafin hannunsa duk lokacin da mota mai nauyi ta gifta, sannan ya lafa.

Abin da ke tsufar da gada irin wannan daban ne: lodi fiye da ƙima, da ruwan da ke tsayawa a kanta idan magudanai sun toshe da yashi da leda har ya ratsa ya sa ƙarfen ciki tsatsa, da kuma zaizayar da igiyar ruwa ke yi a gindin ginshiƙai. Duk waɗannan injiniyoyi ne suke iya auna su, kuma gadar da ta haura shekaru hamsin tana da haƙƙin a riƙa duba ta a kai a kai, ba sai an ga tsaga ba.

Ita ce gada mafi tsufa a kan kogin a Nijar?

A'a. Gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil a kan iyakar Benin ta girme ta, domin tun 1958 take. Ta Kenedi ita ce mafi tsufa a Yamai.

Yanzu da aka samu wasu gadoji, ana bukatarta har yanzu?

Ƙwarai kuwa. Gada ta biyu, ta Abotar Sin da Nijar, an fara aikinta a zamanin Tanja Mamadu aka buɗe ta a 2011, tana ƙasa da ta Kenedi ta wajen Gamkalle, kuma hannu huɗu gare ta. Ta uku, mai sunan Janar Seini Kunce, an buɗe ta a Fabrairu 2021 a zamanin Mahamadu Isufu, tana sama ta wajen Gudel, tsawonta ya ɗan haura kilomita ɗaya. Duka biyun sun rage cunkoson da waɗanda suka san Yamai kafin 2011 ba za su manta ba, lokacin da mota ɗaya in ta mutu a tsakiyar gada sai rabin gari ya makara.

Sai dai sababbin biyun a gefe suke, ita kuwa tsohuwar a cibiya take. Tana sauke mutum ne kusa da gidan tarihi na Bubu Hama, da zauren taro, da ma'aikatu, da hanyar kasuwa, ɗaya bakinta kuma yana ƴar tazara da jami'a. Ɗalibin da ba shi da kuɗin taksi, da mai tallan da ke ɗauke da tire, da mai keke, ba za su yi zagayen kilomitoci ba. Manyan motoci suna da zaɓi yanzu, amma mai ƙafa ita ce tasa. A ganina wannan ya isa dalilin da zai sa a fifita gyaran hanyar masu ƙafa da fitilunta da ƙarafan gefenta, a kuma ɗauke ta a matsayin kayan tarihin ƙasa, ba titi kawai ba.

Ga baƙon da yake son ganinta sosai, wane lokaci ya fi, kuma me zai kula da shi?

Ya bi ta da ƙafa, da sassafe ko bayan la'asar. Da safe zai gamu da ɗalibai da ma'aikata suna kwararowa, da amalanken jakuna, wani lokaci har da raƙumi ɗauke da itace ko tabarmi yana tafiyarsa ta ƙasaita a tsakanin taksi da babura, mai jansa yana gaba da igiya a kafaɗa. Idan ya leƙa ƙasa zai ga masu wanki a bakin ruwa suna buga tufafi, sun shanya wasu a kan ciyawa da duwatsu launi-launi, ga ƴan lambuna na salati da kabeji da ake ban ruwa da hannu, ga masunci tsaye a ƙarshen kwalekwalensa yana jefa birgi. Da yamma kuwa rana takan faɗa ta bayan duwatsun tsallake masu shimfiɗaɗɗen kai, ruwan duka ya koma ja.

Ya riƙe yara da hannu, domin hanyar masu ƙafa ba ta da faɗi kuma babura sukan matso gefe. Kada ya jefa leda ko wani tarkace a ruwa, domin wannan kogin shi ne garin yake sha. Game da hoto kuma, gada tana cikin wuraren da jami'an tsaro suke sa wa ido, saboda haka ya fara yi musu sallama ya nemi izini kafin ya ɗaga waya. In ya iso bakin gadar ta gefen gari, ya ɗan dakata a Dandalin Shahidai ya yi wa yaran nan uku addu'a kafin ya wuce.